Rariyar Lakwal: Tarihin Zaɓen Ɗalibai a Babbar Makarantar Yamai

Gabatarwa

A tsakiyar birnin Yamai, ba nisa da kasuwar Katako inda ake cinikin katako da kwano da tsohon ƙarfe, akwai makarantar da ake kira Lise Issa Korombe. An raɗa mata sunan mayaƙin Zabarmawa wanda ya rasu a yaƙin Bumba cikin 1896, amma dattawan da suka yi karatu a cikinta sun fi saninta da tsohon sunanta, watau Lise Nasiyonal. Shekaru da dama duk ƙasar Nijar ba ta da wata ƙofa ta zuwa karatu mai zurfi sai ita. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka riƙa zaɓen yaran da ke shiga wannan makaranta da waɗanda suka gabace ta, domin a ga wace irin rariya aka yi amfani da ita, da kuma abin da ta riƙa tacewa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, ko da yake sunan abin da ake aunawa hazaƙa, mafi yawan abin da ke tsayar da yaro ko ya wuce da shi harshe ne.

Zamanin kamu

Tun kafin a yi maganar jarrabawa, zaɓen farko kamu ne. Faransawa sun fara wannan dabara a Senegal, inda Gwamna Faidherbe ya buɗe makaranta a Saint-Louis cikin 1855 don ƴaƴan sarakunan da aka ci da yaƙi, har ana kiranta makarantar ƴan garkuwa. Da mulkin mallaka ya kafu a Nijar sai aka bi wannan sawu. Kumandan yakan aika wa sarkin kanto cewa ana son yara kaza daga ƙasarsa, kuma ana son ƴaƴan manya a cikinsu. Sarakuna da yawa, musamman inda karatun allo ya yi ƙarfi, sun ɗauki lakwal a matsayin hanyar raba yaro da addininsa, saboda haka sai su ɓoye nasu, su tura dogarai su kamo ƴaƴan bayi ko na talakawan da ba su da mai tsaya musu. Bayan shekara talatin, waɗannan yaran da aka ba da kamar sadakar kore bala'i su ne suka dawo suna tafinta da akawu da mushe, har ƴaƴan sarakin suna neman alfarma wurinsu.

Da yake babu takardar haihuwa, shekarun yaro ƙiyasi ake yi. Wani lokaci a duba haƙoransa, wani lokaci a ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. In ya taɓa, ya isa shiga. Shi ya sa takardun ƴan bokon farko ke cewa an haife su "wajen" shekara kaza. Wannan ƙaramin abu ya yi tasiri daga baya, domin kowace gasa tana da iyakar shekaru, kuma sau da yawa hukuncin alƙali mai maye gurbin takardar haihuwa shi ke rage wa yaro shekara ɗaya ko biyu don ya sami damar zama.

Tsanin da Faransawa suka kafa

Dokar da Gwamna Janar Roume ya sa wa hannu ranar 24 ga Nuwamba 1903 ita ta tsara karatu a duk Afirka ta Yamma ta Faransa. Ta yi shi hawa-hawa kamar tsani. A ƙasa akwai makarantar ƙauye, sai makarantar yanki wadda ke babban gari inda ake samun sartifika, sai babbar firamare guda ɗaya a hedikwatar kowace ƙasa, sa'an nan can ƙoli makarantun tarayya da ke Senegal. Mafi shahara cikinsu ita ce makarantar horon malamai da aka kai tsibirin Gore cikin 1913, aka sa mata sunan William Ponty cikin 1915, aka kuma mayar da ita Sebikotan cikin 1938.

A nan ya kamata a bambanta abubuwa biyu da Bahaushe yakan haɗa su da suna ɗaya, watau jarrabawa. Akwai jarrabawar da duk wanda ya kai rabin maki ya ci, kamar sartifika. Akwai kuma wadda ƴan lakwal ke kira konkur, watau gasa, wadda ita ba ruwanta da rabin maki: an riga an yanke yawan kujeru tun kafin a zauna, in an ce ashirin ake so, na ashirin da ɗaya ya faɗi ko da ya fi na bara ƙoƙari. Yawan kujerun kuwa ba daga yawan masu hazaƙa ake lissafa shi ba, daga bukatar ofis ake lissafa shi, watau akawu nawa da malamai nawa da ma'aikatan asibiti nawa gwamnati za ta iya biya. Wanda ya shiga Ponty sai ya rattaba hannu cewa zai yi wa gwamnati aiki shekara goma. Kowane hawa na tsanin nan da gasa ake tsallake shi.

Nijar ta makara wajen samun nata hawan na uku. Sai cikin 1922 ta zama ƙasar mallaka mai cin gashin kanta a tsarin tarayyar, aka ɗauke hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai cikin 1926, kuma babbar firamare ta Yamai ba ta samu ba sai farkon shekarun 1930. Kafin nan yaron da ya yi fice sai ya bar ƙasa. Boubou Hama, wanda aka haifa a Foneko wajen 1906, ya bi ta Tera da Dori da Wagadugu kafin ya isa Gore, ya dawo cikin 1929 a matsayin ɗan Nijar na farko da ya fito Ponty da takardar malanta. Ya ba da labarin wannan tafiya a littafinsa Kotia-Nima. Diori Hamani, haifaffen Sudure cikin 1916, shi ta Porto-Novo ta ƙasar Dahome ya bi. Djibo Bakary ma ɗan Ponty ne, haka nan Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa cikin 1929, ya zama masanin kimiyyar lissafi da hasken rana, jami'ar Yamai kuma ta ɗauki sunansa cikin 1992. Idan aka dubi waɗannan sunaye za a ga cewa shugaban ƙasa na farko, da shugaban majalisarsa, da babban abokin hamayyarsa, duk ta ƙaramar ƙofa ɗaya suka fito.

Mayar da hedikwata Yamai ya sa makarantu sun fi yawa a yammacin ƙasa, yaran bakin kogi suka fi na Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram kusa da tsanin. Wannan, tare da ƙyamar boko a garuruwan malamai, shi ya jawo rinjayen ƴan yamma a ofisoshi har bayan samun ƴancin kai. Kuma duk da haka ƴan ƙasar ba su isa ba, gurabe da yawa ƴan Dahome ke riƙe da su har zuwa ƙarshen 1963, lokacin da saɓani tsakanin ƙasashen biyu ya sa aka sallame su.

Shifta

Babban ramin da ke cikin wannan hanya shi ne shifta. Dokar Gwamna Janar Carde ta 1924 ta ce Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a makaranta, ta hana malami magana da yara cikin harshensu, taron Barazabil na 1944 kuma ya sake jaddada haka. Don a tabbatar da dokar aka ƙirƙiro sambol, wani ƙashi ko gwangwani ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci. Shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Ta haka aka mai da yara masu gadin bakin juna.

A ranar jarrabawa, mai kula yakan karanta wani nassi na Faransanci, yara su rubuta. Ƙa'idar da aka gada daga Faransa ita ce kuskure biyar sifiri ne, sifiri a shifta kuwa yana fid da yaro gaba ɗaya, komi kyan lissafinsa. Sai a tuna cewa Faransanci harshe ne da ake rubuta haruffa da yawa waɗanda ba a furta su. Alamar jam'i a ƙarshen suna ba a jin ta, ƙarshen aikatau iri uku ko huɗu kan fito da sauti ɗaya, kuma akwai wasula irin su "u" da "eu" da wasulan hanci waɗanda babu su sam a Hausa. Bahaushen yaro ba shi da "p" da "v" a bakinsa, saboda haka yakan ji su kamar "f" da "b". Jinsin suna ma tarko ne, domin Hausa tana da namiji da mace kamar Faransanci, amma ba su faɗa wuri ɗaya ba: rana mace ce a Hausa, namiji ce a Faransanci, wata kuma akasin haka. Hatta lissafin da ake cewa ba shi da harshe, matsalar da za a warware da Faransanci aka rubuta ta, sau da yawa a kan famfo da ke cika kwatami ko jirgin ƙasa da ke tashi daga tasha, abubuwan da yaron Tibiri ko Mirya bai taɓa gani ba.

Ashe ke nan ɗan akawu ko ɗan tsohon soja, wanda ke jin Faransanci a gida, ya riga ya yi gaba tun ba a raba takardu ba. Gasar adalci ce a zahirinta, domin ana rufe sunan ɗalibi kafin a duba takardarsa, kuma ta ba ƴaƴan talakawa da dama abin da sarauta ba za ta ba su ba. Amma awon da take yi na kusancin yaro ne da harshen mai mulki.

Abin da ke faruwa a ƙetaren iyaka

Ingilishi sun bi wata hanya dabam. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, tana ɗaukar ɗalibai daga makarantun larduna, ana raba kujeru tsakanin lardunan, kuma ra'ayin Razdan da Sarki game da asalin yaro da halinsa yana da nauyi ƙwarai. Ahmadu Bello, jinin Mujaddadi, ya shiga cikin 1926. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan babban gida ba ne, ya shiga cikin 1928. Wannan tsari ya fi na Faransawa nuna fifikon sarauta a fili. Amma yaran sun fara karatu da Hausa kafin su koma Turanci, shi ya sa ɗan kwalejin kamar Abubakar Imam ya iya rubuta Ruwan Bagaja a gasar 1933. Ƴan Ponty na Nijar, duk da zurfin iliminsu, da Faransanci suka yi rubuce-rubucensu.

Bayan 1960

Babbar firamare ta Yamai ta zama kolej bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan ta zama lise. A lokacin samun ƴancin kai yaran da ke makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Gwamnati ta buɗe kolej-kolej a manyan garuruwa, daga baya kuma aka sami lise a Damagaram da Maraɗi da Tawa, amma ginin tsanin bai sake ba. Bayan shekara 6 ta firamare akwai sartifika da gasar shiga aji na farko na kolej; bayan shekara 4 akwai barebe, sa'an nan kwamitin rarraba ɗalibai ya duba maki da shekaru ya yanke wanda zai tafi lise, da wanda zai tafi horon malamai ko koyon sana'a, da wanda zai koma gida. Wanda ya maimaita aji fiye da ƙa'ida ana korarsa. Da yake ɗan lise yana samun wurin kwana da abinci da ɗan kuɗin kashewa, kuma aikin gwamnati na jiransa, gasar ta zama maganar ci da sha ga iyali duka. Lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya taɓa waɗannan alfarmomi, ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka kashe uku a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990.

Waɗanda rariyar ta zubar, su ne mafi yawa, ba su ɓace ba. Wasunsu na nan cikin masu ƙira da kafintoci da ƴan tireda na Katako, inda ake narka tsohon ƙarfe a fitar da tukwane, ana lissafin riba da bashi da Hausa da Zabarmanci, kuma maigida yakan zaɓi yaronsa ta hanyar kallon hannunsa na ƴan makonni.

Da lise ta yawaita har ta daina zama abin alfahari, sai aka sake gina ƙananan ƙofofi a cikinta. An buɗe makarantar soja ta yara a Yamai cikin 1996, mai ɗaukar ɗalibai daga ƙarshen firamare ta hanyar gasa da gwajin lafiya, aka kuma kafa Lise ta Zaƙaƙurai mai ɗaukar waɗanda suka yi fice a barebe don karatun kimiyya. Ƙa'idar tsohuwa ce, ƙayyadaddun kujeru da iyakar shekaru da takardu cikin Faransanci.

A ɗaya gefen kuma, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Sai dai yaran waɗannan makarantu, in sun kai aji shida, jarrabawar Faransanci suka riƙa zama kamar kowa, abin da ya sa iyaye da yawa, har da manyan ma'aikatan da ke yabon tsarin a taro, suka ƙi kai ƴaƴansu. Cikin Maris 2025 sabon kundin mulki ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. In har wannan ya kai ga ɗakin jarrabawa, aikin zai faɗo kan masana harshe: wace Hausa za a yi shifta da ita, ta Damagaram ko ta Adar ko ta Arewa ko daidaitacciyar da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka tsara rubutunta, kuma da wane ma'auni za a duba takardar yaron Tera ko na Bilma wanda bai tashi da Hausa a gida ba.