Mayelin: Yadda aikin jijiya ke ɗinka wa kansa riga a cikin ƙwaƙwalwa

Yaron da aka kai koyon ɗinki a kasuwar Gusau yakan fara da kyarma, ƙafa na taka keke dabam, hannu na jan yadi dabam. Bayan watanni sai a iske shi yana hira yana ɗinki, layi bai karkace ba. Hausawa sun ce yau da gobe ba ta bar komai ba, kuma masana sun gano cewa wani ɓangare na wannan ƙwarewa yana tattare da abin da ake kira mayelin.

Mene ne mayelin?

Mayelin riga ce mai maiƙo da ke naɗe zaren jijiya, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Mafi yawansa kitse ne, shi ya sa cikin ƙwaƙwalwa yake fari. Likitan nan Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya raɗa masa suna a 1854.

Rigar tana da ƙananan giɓi a jere, saƙon lantarki kuwa yana tsalle daga giɓi zuwa giɓi. Saboda haka saƙo kan yi gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa a zare mai kauri da riga, alhali a siririn zaren da ba shi da ita bai cika wuce mita biyu ba. Ƙwayoyin halittar da ke saƙa wannan riga a ƙwaƙwalwa da laka ana kiran su oligodendurosait. Aikin yana farawa tun jariri na ciki, ya yi ƙarfi a shekaru biyun farko, ya ci gaba a sashen goshi har mutum ya haura shekara 20.

Yadda aiki ke jawo riga

An daɗe ana ɗauka cewa gado kaɗai ke tsara wannan saƙa. A 1993, Ben Barres da Martin Raff, suna aiki a Landan, suka toshe saƙon lantarki a jijiyar idon ɓera, sai hayayyafar ƙwayoyin da ke zama masaƙan mayelin ta ragu ƙwarai. Dalili kuwa shi ne, duk zaren da ke aiki yana fitar da sinadarai, ƙwayoyin da ke kusa su ji, su hayayyafa, su balaga, su naɗe shi.

A 2014 aka samu hujjoji biyu. A Jami'ar Stanford ta Amurka, ayarin Michelle Monje ya motsa jijiyoyin motsi a ƙwaƙwalwar ɓeraye da haske, bayan mako huɗu rigar ta ƙara kauri, motsin ƙafar ya inganta. A Landan kuma, ayarin William Richardson ya hana manyan ɓeraye samar da sababbin masaƙan, sai suka gaza ƙwarewa a gudu kan wata ƙafar keke mai matakala marasa tsari. A wajen ɗan Adam, binciken Jami'ar Oxford na 2009 ya nuna sauyi a farin ɓangaren ƙwaƙwalwar manyan da suka yi mako shida suna koyon jifa da cafe ƙwallaye.

Rashin aiki ma yana barin tabo. Wani bincike na 2012 a Boston ya nuna cewa 'ya'yan ɓerayen da aka kaɗaita na mako biyu bayan yaye sun tashi da siririn mayelin a sashen goshi, kuma mayar da su cikin 'yan'uwansu daga baya bai gyara ba.

Abin da ya shafi Zamfara

Masaƙan mayelin suna buƙatar sinadarin ƙarfe da ayodin da kitse mai kyau. Nonon uwa zalla a watanni shida na farko, sannan wake, ƙwai, kifi, hanta da gishiri mai ayodin, su ne kayan aikin. Wannan ya sa tamowa da ƙarancin jini ke da haɗari ga ƙananan yara, musamman na iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a yankunan Tsafe da Bungudu.

Dalma kuwa babbar abokiyar gaba ce. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bankaɗo gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna dalma na tauye balagar masaƙan mayelin, wani dogon bincike a birnin Cincinnati na Amurka kuma ya ga sauyi a farin ɓangaren ƙwaƙwalwar manyan da suka shaƙi dalma suna yara. Don haka wajibi ne a nisanta niƙa da wankin dutsen ma'adinai daga gida, mai aikin kuma ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Sauran aikin yana hannun iyaye, kuma ba ya cin kuɗi: a yi wa jariri magana, a bar shi ya yi rarrafe da wasa da tsara, a yi masa tatsuniya, a dage da maimaita karatu na allo da na boko. Yaron da ya yi jinkirin zama, tafiya ko magana, ko wanda ke jijjiga, a hanzarta kai shi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.