Yadi 22 na Gardama: Asalin Rigimar Fagen Jifa a Wasan Kurket

A wasan kurket na kwana biyar, wanda ake kira Tes, komai ya rataya ne a kan wani tsirin ƙasa da ke tsakiyar fili, mai tsawon yadi 22 da faɗin ƙafa 10. Doka ta ƙayyade tsawonsa da faɗinsa, amma ba ta faɗi irin ƙasar da za a zuba ba, ko yawan ciyawar da za a bari, ko ruwan da za a ba shi. Tunda mai jifa yakan doka ƙwallo a ƙasa kafin ta isa ga mai bugu, halin wannan fage ne ke raba rabo. In da ciyawa da laima, kasuwar masu jifa da ƙarfi ta buɗe. In ya bushe ya tsattsage, sai masu murza ƙwallo da yatsu su ci karensu babu babbaka. Shi ya sa kyaftin ba ya yanke shawarar 'yan wasa 11 da zai fito da su sai ya je ya duba ƙasa, kuma shi ya sa gardamar masoya kan wa aka ɗauka wa aka bari, a ƙarƙashinta gardamar fage ce.

Tun daga wasan Tes na farko da Ostareliya ta ci Ingila a Melbourne a 1877 har kusan ƙarni guda, a Ingila musamman, ba a rufe fagen gaba ɗaya da zarar an soma wasa. Ruwa ya sauka, rana ta fito, ƙasa ta yi danƙo, ƙwallo ta riƙa tsalle yadda ta ga dama. A 1968 a filin Oval na Landan, bayan ruwa ya malale fili a ranar ƙarshe, 'yan kallo ne suka taya share shi, sannan Derek Underwood ya kammala fitar da 'yan Ostareliya bakwai, Ingila ta yi nasara saura 'yan mintoci lokaci ya cika. Wanda aka ci a irin wannan rana ba shi da wanda zai kama sai hadari. Ba wai babu zargi ba ne a wancan zamani: a 1956 a Manchesta, inda Jim Laker ya fitar da mutum 19 cikin 20 a kan busasshen fage, 'yan Ostareliya sun yi ƙorafin cewa da gangan aka shirya masa shi. Amma muddin sama na da hannu a ciki, mai kula da fili yana da mafaka.

Abin da ya sauya lamarin shi ne rufe fage daga ruwa, wanda ya kankama a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1970. An yi shi ne don adalci da kuma kuɗi, domin ranar da ruwa ya ɓata asara ce ga masu sayar da tikiti da gidajen talabijin. Sai dai da aka cire hannun ruwan sama, sai komai ya koma hannun mutum, zargi kuma ya bi shi can. A ganina nan ne asalin rigimar yau. Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta fito da tsarin auna fage a 2006, ta ƙara da makin ladabtarwa a 2018, wanda in ya taru zai iya hana fili karɓar wasannin ƙasa da ƙasa. Gasar Tes ta duniya da aka fara a 2019 ta ƙara wa wutar fetur, domin a tsarinta na yanzu nasara maki 12 ce, canjaras kuwa 4, don haka mai gida ya fi son fagen da wasa zai ƙare a kansa ko ta halin ƙaƙa.

Indiya ce aka fi nuna wa yatsa. A Nagpur a 2015 an fitar da Afirka ta Kudu a kan maki 79, wasa ya ƙare a kwana uku, ICC ta ce fagen bai da kyau. A Ahmedabad a 2021 kwana biyu kawai aka yi, har Joe Root na Ingila, wanda bugu ne sana'arsa, ya fitar da mutum biyar a kan maki 8. Masu suka na cewa wannan maguɗi ne da sunan shiri. Masoyan Indiya kuwa suna da amsa mai nauyi: a Brisbane ta Ostareliya a 2022 ciyawa ta gama wasa a kwana biyu, a Cape Town ta Afirka ta Kudu a farkon 2024 jifa 642 kacal aka yi, wasan Tes mafi gajarta da aka taɓa samun mai nasara. Me ya sa, in ji su, ciyawa ke zama gwajin jarumta, ƙura kuma ta zama zamba? Gaskiyarsu ce ta fuskar surutun jama'a, ko da yake ICC ta ladabtar da waɗannan filaye biyu su ma.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu kukan maguɗi ita ce yadda dabarar ke juya wa mai ita. Fagen da ke murɗa ƙwallo tun ranar farko yana rage tazara tsakanin gwani da ɗan koyo, sai wasa ya koma kusan caca. A Pune a 2017 Steve O'Keefe na Ostareliya ya fitar da mutum 12, Indiya ta sha kashi da maki 333. A 2024 New Zealand ta ci Indiya uku da nema a gidanta, Mitchell Santner da Ajaz Patel suka yi mata aika-aika da makaminta. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wani lokaci kuma dabarar takan ci: a watan Oktoban 2024, bayan Ingila ta tara maki 823 a Multan, Pakistan ta ajiye taurarinta Babar Azam da Shaheen Afridi, ta sake amfani da fagen da aka riga aka gajiyar, Noman Ali da Sajid Khan suka fitar da mutum 20 ɗin duka su biyu, ta kuma lashe jerin wasannin biyu da ɗaya.

Akwai masu ganin mafita ita ce hukuma ta karɓi aikin, a yi fage iri ɗaya ko'ina. Ban yarda ba. Tarihi ya nuna inda fage mai lafiya fiye da kima ke kaiwa: a Durban a 1939 aka kai kwana na goma ba a gama ba, har 'yan Ingila suka bar wasa don kada jirgin ruwa ya tafi ya bar su, a Colombo a 1997 Siri Lanka ta tara 952 a kan Indiya, aka tashi canjaras. Darajar cin wasa a baƙon wuri ta samo asali ne daga bambancin ƙasar Perth da ta Chennai. Iyakar da ta cancanci hukunci mai tsanani ita ce haɗari ga jikin ɗan wasa, irin na Sabina Park a Jamaika a 1998, inda alƙalai suka tsayar da wasa cikin kusan sa'a guda saboda ƙwallo na ta dukan 'yan Ingila. Abin da bai kai wannan ba, haƙƙin mai gida ne, baƙo kuma ya zo da masu jifan da suka dace.