Zinaren San Francisco da Zaman Baƙunta

Na karanta tarihin San Francisco, birnin bakin teku a Amurka, sai na ji kamar labarinmu ake bayarwa.

A 1848 aka gano zinare a Kalifoniya. Garin da bai wuce mutum 1,000 ba, kafin ƙarshen 1849 ya kai wajen 25,000. Samuel Brannan kuwa shebur da tasa ya riƙa sayar wa mahaƙa, har ya zama miloniya. Amma a 1889 ya rasu a talauce.

'Yan Sin ma sun zo ci-rani, suka kafa unguwarsu kamar yadda iyayenmu suka kafa Sabo a Ibadan. Bayan girgizar ƙasa da gobarar 1906, hukuma ta so tashinsu daga tsakiyar gari. Sai suka haɗa kai, attajiransu suka ce za su kwashe kasuwancinsu zuwa wani gari. Dole aka ƙyale su, unguwar tana nan har yau.

Ni dai abin da na tsinta: dukiyar mutum ɗaya takan gushe, haɗin kai ke riƙe wa baƙo unguwarsa. Allah Ya sa mu gane, amin.