Daga Allon Darasu Zuwa Jan Biro: Yadda Kalmar "Correct" Ta Iso Yerwa

Duk wanda ya yi firamare a Maiduguri ya san wannan: malami ya dawo da littafi jajawur da biro, a ƙasa ya rubuta "correction", wato a sake aikin har ya fito daidai. Aikatau ɗin da kalmar ta fito daga gare shi, "correct", ya yi doguwar tafiya kafin ya iso nan.

Asalinsa Latin ne, harshen Rumawa, daga "corrigere", wato miƙe abin da ya karkace. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmomin Latin suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. A ƙarni na 14 "correct" ta riga ta zauna a bakin marubuta. Tana da 'yan'uwa biyu. "Rectify" ita ma daga tushen miƙewa take, amma an fi amfani da ita wajen warware matsalar da ta riga ta auku. "Amend" kuwa daga "menda" ce, wato aibi, kuma ita ake ji in ana zancen doka. Hausa ta tattara su duka cikin "gyara", sai dai in ana son bambancewa a ce gyaran fuska ko kwaskwarima.

Amma ba Bature ne ya koya wa Borno gyaran rubutu ba. Ƙarnuka kafin zuwansa, ƙasar ta yi suna wajen hadda da rubuta Alƙur'ani, har akwai kwafin da aka kammala a 1669 mai ɗauke da sharhi cikin tsohon Kanembu. A tsangaya, gardi yakan rubuta satu a allo da ka, ba tare da duba mushafi ba, sannan ya kai darasu. Nan gwani da sauran gardawa za su bi shi harafi da harafi. Wasali ɗaya ya kauce, ko ɗigo ya faɗi, sai a tsayar da shi ya gyara a gaban jama'a. Masu kwafar littattafan Larabci kuma suna da tasu alamar: in sun tsallake kalma, sai su rubuta ta a gefen shafi, su biyo ta da "sahha", ma'ana yanzu ya inganta.

Jan biro ya zo daga baya. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka kafa mazauninsu a Maiduguri, Shehu Garbai ya tare a Yerwa, makarantar boko ta biyo baya. Cikin yaran da ta yaye akwai Kashim Ibrahim, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1929 ya dawo gida yana koyarwa. A irin waɗannan azuzuwa ne yaran Borno suka fara jin kalmar. Salon dai ya sha bamban. Gyaran darasu da baki ake yi, a zaune tare, kuma allo ana wanke shi, kuskure ya tafi da ruwa. Gyaran boko malami ne shi kaɗai da bironsa, kuskuren kuma yana nan a takarda ana cire masa maki. Abin da ya haɗa su bai wuce abin da Bahaushe ya ce ba: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yau mai gyaran ya koma cikin aljihu. Matashi a Kasuwar Monde zai rubuta saƙo da Hausa ko Kanuri, wayarsa ta juya masa kalmomi zuwa Turanci da sunan gyara. Shi ya sa da yawa suke kashe wannan tsarin tun ranar da suka sayi waya. Gwanin darasu kuwa bai taɓa gyara abin da bai haddace ba.