Tarihin Tankar Yaƙi da Motoci Masu Sulke

Tankar yaƙi mota ce mai sulken ƙarfe wadda ke tafiya a kan sarƙa maimakon tayoyi, tana ɗauke da igwa da bindigogi masu jigida. Abubuwa uku ake so ta haɗa: ƙarfin wuta, da kariya ga waɗanda ke cikinta, da iya ratsa wurin da mota ba ta bi. Ukun nan kishiyoyin juna ne. Idan aka ƙara kaurin sulke sai nauyi ya ƙaru, gudu ya ragu. Idan aka girka babbar igwa sai an nemi babban jiki da babban injin da zai ja shi. Tarihin tanka tun daga 1916 tarihi ne na neman daidaito tsakanin ukun, da na tsere tsakanin masu ƙera sulke da masu ƙera makamin da zai huda shi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya haifi tanka. Kafin ƙarshen 1914 sojojin Jamus da na Faransa da Birtaniya sun haƙa ramukan fakewa tun daga bakin Tekun Arewa har zuwa iyakar Suwizalan, tsawon kimanin kilomita 700. A gaban kowane rami akwai waya mai ƙaya, a bayansa kuma bindigogi masu jigida da igwoyi. Duk rundunar da ta fito fili don kai hari sai a girbe ta kamar dawa. Dawakai sun zama ba su da amfani, motoci masu sulke irin na Rolls-Royce kuwa, waɗanda suka yi aiki a watannin farko, ba sa iya barin titi su shiga taɓo. Tambayar da ta addabi kwamandoji ita ce yadda za a tsallake filin nan da rai.

Amsar ta fito daga gona. Tun 1904 Benjamin Holt na Amurka ya ƙera tarakta mai tafiya a kan sarƙa don kada ta nutse a ƙasa mai laushi, domin sarƙa tana baza nauyin mota a wuri mai faɗi. Wani hafsan Birtaniya, Ernest Swinton, ya ba da shawarar a lulluɓe irin wannan tarakta da ƙarfe. Winston Churchill, wanda ke ministan sojan ruwa a lokacin, ya kafa kwamitin bincike a watan Fabrairun 1915. A masana'antar William Foster da ke garin Lincoln, injiniyoyi biyu, William Tritton da Walter Wilson, suka ƙera ta gwaji mai suna Little Willie, sannan a farkon 1916 suka fito da wata doguwa wadda sarƙarta ta zagaye jikinta gaba ɗaya don ta iya haye rami mai faɗi. Saboda ɓoye sirri aka riƙa cewa tankin ruwa ake ƙerawa, sunan kuma ya bi ta har yau.

Ranar 15 ga Satumba, 1916, tankoki suka fara shiga yaƙi a Flers-Courcelette, cikin gumurzun Somme. An tanadi 49, amma 32 kawai suka isa wurin fara hari, sauran sun lalace ko sun maƙale a hanya. Samfurin farko, Mark I, yana da nauyin kusan tan 28, mutum takwas ke aiki a ciki, gudunsa bai wuce kilomita 6 a awa ba. Injin yana tsakiyar ɗakin da ma'aikatan ke zaune, ga zafi, ga hayaƙi, ga ƙarar da ke tilasta musu magana da hannu. Sai a Cambrai, ranar 20 ga Nuwamba, 1917, aka ga abin da tanka za ta iya idan an tara ta da yawa a kan ƙasa mai tauri: tankoki 476 suka fasa layin Jamusawa kilomita da dama cikin yini guda, ko da yake Jamusawa sun ƙwato yawancin wurin bayan 'yan kwanaki, saboda babu rundunar da za ta bi bayan tankokin da sauri.

Faransawa, a ƙarƙashin jagorancin Janar Estienne, sun bi tasu hanyar. Ƙaramar tankarsu, Renault FT, wadda ta shiga yaƙi a watan Mayun 1918, ita ta kafa fasalin da ake bi har gobe: direba a gaba, inji a baya, igwa a cikin hasumiya mai juyawa ta kowane gefe. Mutum biyu ke aiki da ita, an kuma ƙera kimanin 3,000 kafin a tsagaita wuta. Jamus ta yi sakaci, tankarta A7V guda 20 kacal aka ƙera. Duk da haka, ɗaya daga cikinsu ce ta kara da tankokin Birtaniya a Villers-Bretonneux ranar 24 ga Afrilu, 1918, karo na farko da tanka ta yi arba da tanka.

Bayan yaƙin, muhawara ta koma kan yadda za a yi amfani da ita. Wasu hafsoshi na ganin tanka mataimakiyar sojan ƙasa ce, a rarraba ta cikin bataliyoyi ta yi tafiya daidai da tafiyar mai ƙafa. Wasu kuma, irin su Fuller a Birtaniya, da Tukhachevsky a Tarayyar Sobiyet, da de Gaulle a Faransa, da Guderian a Jamus, suna ganin a tara ta wuri guda ta fasa layin abokan gaba, ta kutsa can baya ta yanke musu hanyar abinci da saƙo. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamus mallakar tanka, amma ta riƙa horar da hafsoshinta a ɓoye kusa da Kazan a Tarayyar Sobiyet, kuma a 1935 ta kafa manyan rundunonin tankoki guda uku. A daidai wannan lokaci injiniyan Amurka Walter Christie ya ƙirƙiro tsarin ƙafafun da ke shanye girgiza, wanda ya ba tanka damar gudu a daji. Sojojin Amurka ba su rungume shi ba, Sobiyet suka saya.

Mamayar da Jamus ta yi wa Faransa a watan Mayun 1940, a Yaƙin Duniya na Biyu, ta raba gardamar. Faransa da Birtaniya sun fi Jamus yawan tankoki, wasu na Faransa kamar Char B1 sun fi na Jamus kaurin sulke. Abin da Jamusawa suka fi su shi ne tsari. Kusan kowace tankarsu tana da rediyo, rundunarsu kuma ta haɗa tankoki da sojan ƙasa a motoci, da igwoyi, da injiniyoyin gada, ga jiragen sama suna share musu hanya. A tankokin Faransa kuwa mutum ɗaya ne a hasumiya, shi ke ba da umarni, shi ke ɗura harsashi, shi ke harbi. Jamusawa sun haye kogin Meuse a Sedan ranar 13 ga Mayu, suka isa bakin teku ranar 20 ga wata.

A 1941 Jamusawa suka gamu da gamonsu a Rasha. T-34, wadda Mikhail Koshkin ya jagoranci zanawa a Kharkov, ta zo da sulke mai kaurin milimita 45 da aka karkata shi, ta yadda harsashi kan zame ko ya tarar da ƙarfe mai kauri fiye da na tsaye. Tana da igwa mai faɗin baki milimita 76, da injin dizal, da sarƙa mai faɗi wadda ba ta nutsewa a taɓo ko dusar ƙanƙara. Da Jamusawa suka matso, aka kwashe masana'antu a jiragen ƙasa zuwa tsaunukan Ural, aka ci gaba da ƙira a Nizhny Tagil da Chelyabinsk. Jamus ta mayar da martani da Tiger a 1942, mai nauyin tan 57 da igwa ta milimita 88, sannan Panther a 1943. Ɗaya-da-ɗaya sun fi ƙarfin yawancin abokan karawarsu, sai dai suna da tsada, suna shan mai, suna yawan lalacewa. Tiger na farko bai kai 1,400 ba, Panther kimanin 6,000, alhali Sobiyet sun ƙera T-34 fiye da 50,000, Amurka kuma ta ƙera Sherman kimanin 49,000. A El Alamein ta ƙasar Masar a 1942, da Kursk a watan Yulin 1943, da Normandy a 1944, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: wanda ya iya maye gurbin abin da ya rasa, ya kuma kai mai da kayan gyara bakin daga, shi ya yi nasara.

A cikin wannan yaƙin ne kuma sojan ƙafa ya samu makamin da zai tunkari tanka. An gano cewa idan aka sassaƙa nakiya da siffar mazurari, aka shimfiɗa mata jan ƙarfe a ciki, fashewarta kan tattaru ta zama siririn tsinke mai huda sulke. Da wannan dabara aka yi Bazooka a Amurka a 1942, da Panzerfaust a Jamus a 1943, daga baya kuma RPG-7 ta Sobiyet a 1961. Haka nan buƙatar sojan ƙasa su bi tankoki ba tare da an harbe su ba ta haifar da motoci masu sulke na ɗaukar dakaru, irin su M113 ta Amurka da BMP-1 ta Sobiyet. Jama'a kan kira su duka tankar yaƙi, amma aikinsu ya bambanta: tanka ta faɗa ce, waɗannan na kai mayaƙa ne.

Lokacin Yaƙin Cacar Baka an daina raba tankoki zuwa ƙanana da matsakaita da manya, aka koma ga babbar tanka guda mai yin kowane aiki. Centurion ta Birtaniya da T-54 da T-55 na Sobiyet su suka buɗe wannan babi, kuma babu tankar da aka ƙera da yawa a tarihi kamar jinsin T-54 da T-55. T-64 ta zo da na'urar ɗura harsashi, wadda ta rage ma'aikata zuwa uku. A yaƙin Oktoban 1973, sojojin Masar da suka haye mashigin Suez sun ragargaza tankokin Isra'ila masu yawa da makamai masu linzami da ake sarrafawa ta waya, har wasu masana suka ce kwanan tanka ya ƙare. Maƙera suka amsa da sulke mai hawa-hawa na ƙarfe da tangaran, wanda aka ƙirƙiro a Chobham ta Ingila, da kuma tubalan nakiya da ake liƙawa a jikin tanka, masu fashewa waje su wargaza abin da ya doke su. Leopard 2 ta Jamus ta fito a 1979, Abrams ta Amurka a 1980. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991, na'urar hangen zafin jiki ta ba tankokin Amurka da Birtaniya damar ganin na Iraƙi cikin dare da ƙura, su harbe su daga nesa.

Afirka ma ta ba da nata darasin. A 1987, a Fada da Wadi Doum, dakarun Chadi a cikin motocin Toyota a-kori-kura ɗauke da makamai masu linzami na MILAN suka tarwatsa tankokin T-55 na Libiya, domin sun fi su sauri da sanin hamada. Afirka ta Kudu ta ƙera Casspir, mota mai ƙasa kamar ƙirjin kwale-kwale wanda ke karkatar da fashewar nakiya gefe, kuma daga gare ta aka samo fasalin motocin kariyar nakiya na yau. A Najeriya, sojojin tarayya sun yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da motoci masu sulke na Birtaniya, wato Ferret da Saladin da Saracen. Daga baya aka sayo tankokin T-55 da Vickers Mk 3, sannan T-72, sai VT-4 daga Sin a 2020 don yaƙin Arewa maso Gabas. Makarantar horar da dakarun sulke tana Bauchi.

A ƙarni na 21 barazanar ta koma sama, inda sulken tanka ya fi rauni. Makamai irin su Javelin suna faɗo mata ta ka, kuma tun daga 2022 ƙananan jirage marasa matuƙa masu arha sun lalata tankoki masu ɗimbin yawa a yaƙin Rasha da Yukren. Sojoji sun koma yi wa tankoki rumfar ƙarfe da raga, da na'urorin toshe siginar jiragen, ga kuma tsare-tsare irin su Trophy na Isra'ila, wanda ke hango makami ya harbo shi kafin ya iso.

Tun daga Cambrai har zuwa yau, duk tankar da ta fita ba sojan ƙasa, ba kariya daga sama, ba mai da makanikai a bayanta, ganima ce ga abokan gaba. Matsalar da ta haife ta kuwa tana nan yadda take a 1916: dole wani ya ratsa fili ana ruwan wuta ya kama wuri ya riƙe. Har yanzu ba a samu abin da ya haɗa wuta da kariya da tafiya a jiki guda kamar tanka ba, shi ya sa manyan rundunonin duniya ke ci gaba da ƙera ta da sayen ta.