Funtuwa da Ruwan Sha: Waiwaye Adon Tafiya

'Yan'uwa, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Shi ya sa nake so mu waiwayi tarihin ruwan sha a Funtuwa da kewayenta, don mu ga yadda gari kan girma ya bar ruwansa a baya.

Funtuwa ba ta bunƙasa sosai ba sai da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, inda ta isa a 1929. Auduga ta jawo injin gurza na Turawa, ta jawo 'yan kasuwa da lebura daga ko'ina. Amma duk wannan jama'a, rijiyoyi da rafuka ne madogararsu. Ga shi kuwa ƙasarmu, tun daga Funtuwa har Malumfashi, a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta bai taka kara ya karya ba. Kogin Sakkwato ma daga kusa da Funtuwa ya faro, watau mu a tudu muke, ruwa gangarawa yake yi ya bar mu.

Saboda haka sai aka koma ga tare ruwan sama. A 1970 aka gina madatsar Mairuwa. Ba a jima ba farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa Arewa, amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu. A 1975 aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya gina ƙananan madatsu a karkara. Farin 1983 da 1984 ya sake nuna mana cewa madatsa ba ta da komai sai abin da damina ta ba ta. Kafin a ƙara madatsar Gwaigwaye a 2003, garin ya riga ya tumbatsa. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar.

A ganina, darasin a fili yake. Kullum sai jama'a sun cika gari, sannan a shiga neman musu ruwa. Ga kuma sauyin yanayi: wata shekara damina ta makara, wata shekara ruwan ya zubo gaba ɗaya, kamar ambaliyar Jibiya ta 2018 wadda ta ci rayuka da gidaje. Irin wannan ruwa, idan ya tarar an sare itatuwa an nome bakin rafi, ƙasa yake kwasa ya jibge a madatsa, cikinta ya yi ta raguwa.

Don haka ina kira ga na cikinmu da ke ofisoshin tsara birane da hukumar ruwa: kafin a yanka filaye a sabuwar unguwa, a fara tambaya daga ina za ta sha ruwa a shekarar fari, ta ina kuma ruwa zai wuce ranar ambaliya. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.