Salsalar Fada da Salsalar Talaka: Abin da Hawan Sallar Yerwa Ke Tunawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dandal ranar hawan Sallah ya san abin da ake nunawa a ƙofar fadar Shehun Borno ya wuce adon doki. Hakimai na shigowa ayari-ayari, algaita na tashi, ganguna na amsawa, maroƙa kuwa na jero sunayen iyaye da kakanni kafin a kai gaisuwa. Salsala ce ake karantawa a bainar jama'a. Sai dai mai nazari zai so ya san ta wa ake karantawa, ta wa kuma aka tsallake.

Fadar Borno ta ƙware wajen riƙe tarihinta, kuma ƙaura ce ta koya mata. Sefawa, gidan sarautar Borno na da, sun baro Kanem a ƙarshen ƙarni na 14, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1808. Shehu Muhammad al-Amin el-Kanemi ya gina Kukawa a 1814, Rabe ya rushe ta a 1893 ya yi zamansa a Dikwa, sai a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri. Duk inda aka yada zango, da takarda a cikin kaya. Akwai girgam, jerin sarakunan da Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa. Akwai littattafan Imam Ahmad ibn Fartuwa kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma. Akwai kuma mahram, takardar da sarki kan ba gidan malamai ya ɗauke musu haraji, su kuma su adana ta kaka da kakanni.

Manomin Marte da masuncin Baga da makiyayin Shuwa na Ngala ba su da girgam. Asalinsu yana rataye ne da wuri da kuma baki: gonar gado, maƙabartar gari, da tsohuwar da kan zauna ranar suna ko daren wushe-wushe ta warware wa yara wanda ya haifi wane, da dalilin da ya sa gidan nan ba ya rasa Modu ko Falmata. Rikicin masu tayar da ƙayar baya da ya ɓarke a 2009, musamman bayan faɗuwar Gwoza da Bama a 2014, wuraren nan ya raba mutane da su, ya kuma tafi da tsofaffi da dama. Yaron da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi ko Dalori ya san sunan garinsu, amma a katin rabon abinci ya fara ganinsa. Ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumbar 2024, wadda ta shiga har cikin fada, ta jiƙa abin da ya saura na hotuna da takardun gado a gidaje masu yawa.

A nan labarin Akadiyawa yake da amfani. Masu jin Faransanci ne da Ingila ta kwashe daga gabashin Kanada tun daga 1755, suka warwatsu har Faransa da Luwiziyana a Amurka. Tun 1994 suke babban taro duk bayan shekara biyar, kuma ƙashin bayan taron shi ne haɗuwar dangi: 'yan gidan LeBlanc a wuri guda, na Cormier a wani. Ba su da sarki, don haka bikin nasu ya ginu kan gidaje. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne rajistar coci da sunan dangi da ba ya canzawa. Mu nan ɗa sunan ubansa yake ɗauka, jika ya ɗauki na ɗan, kafin a kai kaka na huɗu zare ya tsinke. Abin da ke tsayawa shi ne sunan gari, shi ya sa ake da su Monguno da Damboa a ƙarshen sunayen mutane. In za a yi irin wannan taro a Maiduguri, gari-gari zai yiwu, ƙarƙashin lawani da bulama.

Akwai masu ƙin wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Tonon asali a ƙasar da ta yi bauta yana iya zama gori. Malamai sun daɗe suna gargaɗi kan alfahari da nasaba. Takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma ta riga ta mai da asali makamin hana aiki da gurbin karatu. Ga kuma yaran da matan da aka sace suka haifa a daji, waɗanda tambayar sunan uba kaɗai ta ishe su ciwo. Ni dai a ganina tarihin Borno da kansa ya rage wa masu gori ƙarfi. Kacallolin da suka riƙe rundunonin Shehu bayi ne asalinsu, el-Kanemi kansa mahaifiyarsa 'yar Fezzan ce, unguwannin Hausari da Fezzan kuwa tsofaffi ne a Yerwa. Salsalar da aka faɗi gaskiya a cikinta gauraye take nunawa. Batun yaran nan ne ya fi wuya, kuma mafita ɗaya ita ce a lissafa ɓangaren uwa da nauyi daidai da na uba, abin da tsofaffin mata suka saba yi tun can.

Aikin ba ya buƙatar sabon biki. Sallah ta riga ta tara mutane, har da Barebarin Lafiya da Damagaram da Zangon Barebari na Kano masu zuwa zumunci. Jami'ar Maiduguri tana koyar da Kanuri, tana da ɗaliban da za su zauna gaban tsohuwa da wayar hannu bayan an watse daga hawa, su naɗa, su rubuta da boko da ajami. A fara da mata mafi tsufa na garuruwan da har yanzu ba a gama komawa ba, irin su Abadam da Guzamala, kuma kowane gida a bar masa kwafinsa kafin a kai na jami'a.